Ramin da Na Sa Bitrus Ya Haƙa

Ni ne na yi kuskure, kuma ba zan ɓuya a bayan kowa ba. Ƙanena Bitrus ya je yaƙin ƙasar waje sau biyu, ya dawo da ƙafafunsa biyu. A gidanmu ya rasa ɗaya, a hannuna. Ina rubuta wannan ne domin a yankinmu da wuya ka shiga gida uku ba ka ga hoton soja a bango ba, kuma ba na so wani babban wa ya yi abin da na yi.

Sunana Ishaku. Noman citta nake yi a wani ƙauye kusa da Kwoi, karatuna bai yi nisa ba. Bitrus ne autanmu, kofur ne a soja. Matarsa Rahila tana zaune da mu a gidan marigayi babanmu, tare da Mama.

Lokacin da rediyo ya ce za a tura sojojinmu su taimaka wa wata ƙasa can wajen hamada, muryata ta fi ta kowa a wurin mai shayi. Cewa nake ƙasarmu babba ce, dole ta nuna girmanta. Ba zan rubuta sunan ƙasar ba, domin har yau Bitrus ba ya son a ambace ta. Tafiyarsa ta farko ya dawo shiru-shiru, amma ya dawo da alawus, muka cire ciyawar rufin gidan muka sa kwano. Da sunansa ya sake fitowa, ya same ni a gona ya ce yana so ya ajiye aikin. Ya ce, “Yaya, ba ka san abin da ke wurin ba.” Na ce masa wasu roƙo suke yi a sa sunansu, shi ya samu yana raki, kada ya kunyata sunan Baba. Ya kalle ni, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Ya dawo lokacin tonon citta, aka ba shi hutu.

A makon farko mun ga abubuwa, amma ba mu san abin da muke gani ba. Ya rame. Ba ya zama sai bayansa na jikin bango. Ba ya cin nama, in ana gashi sai ya tashi ya bar wurin. Hannu kuwa yakan wanke shi da sabulu har fatar ta yi fari. Ranar Lahadi na shirya masa godiya a coci, muka fito gaba da rawa, iyali duka. Ana buga babbar ganga sai na waiwaya na ga ba ya nan. A bayan coci aka same shi a tsugune, ya toshe kunnuwa. Ni abin da ya dame ni ranar shi ne kunyar da na sha a gaban jama'a.

A mako na biyu dangi suka fara kawo shawara. Mama ta ce aljanun ƙasar ne suka biyo shi. Kawunmu ya ce a ba shi burkutu ya yi barci. Wata goggo ta kawo saiwa ta ce a dafa da citta. Fastonmu ya ja ni gefe ya ce a kai shi asibiti ya ga likita, addu'a ba ta hana magani. Na ce masa ƙanena ba mahaukaci ba ne. Ni maganina ɗaya ne, aiki. Na ce zaman bariki ne ya lalata shi, in ya yi gumi zai warke.

Wanda ba manomin citta ba ne bari in gaya masa yadda muke ajiye iri. In an gama tono, ana ware mai kyau, a haƙa rami a inuwa, a zuba, a rufe da ciyawa da ƙasa, ya kwana nan har lokacin shuka. A gidanmu kuwa akwai yadda Baba ya bar mana: ƙaramin ɗa ne yake haƙa ramin, babba ya zuba irin. Tun Bitrus yana yaro shi ke haƙawa a gindin mangwaron ƙofar gida.

Ranar Talata ta mako na uku, da hantsi, mata sun kai goma a ƙofar gida suna tsaga citta da wuƙaƙe don a shanya. Na ja layi a ƙasa da sanda, na kira shi na miƙa masa diga da shebur. Ya kalli layin. Ya ce, “Yaya, ka sa ni kowane aiki. Kada ka sa ni haƙa.”

Na ɗaga murya yadda matan za su ji. Na ce ga soja guda yana tsoron shebur, ko can ma a bayan mata yake ɓuya? Wasu suka yi dariya. Na cusa masa digar a hannu.

Ya haƙa. Ban taɓa ganin mutum yana haƙa haka ba, ba ya ɗagowa, ba ya share gumi. Ya gyara gefunan suka miƙe sambal, ya wuce gwiwa, ya kai ƙugu. Na ce masa ya isa, iri ba ya son zurfi, bai ji ni ba. Sai ni da wani ɗan ƙodago muka ɗauko buhun farko. Buhun ɗanyar citta yana da nauyi, mutum biyu ke ɗauka, ɗaya a kai ɗaya a gindi. Muka zo bakin ramin muka lila shi sau biyu, muka sake. Ya faɗi tim kusa da ƙafarsa.

Ƙarar da Bitrus ya yi ba irin ta mutum ba ce. Kafin in ankara ya fito daga ramin da shebur. Na tare da hannun hagu, na ji ƙashin ya karye. Na biyu ya same ni a ka, jini ya rufe mini ido. Ɗan ƙodagon ya gudu, matan suka watse, wuƙaƙe da citta ko'ina. Rahila ta riƙe shi ta baya tana kiran sunansa, ya juya ya buge ta da gwiwar hannu, haƙorinta biyu suka zube a ƙasa. Sai da maza shida suka taru kafin a kayar da shi, yana ihu da wani yare da ba mu sani ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa a coci ba. Bayan sun danne shi sun ɗaure da igiya, ba ya iya motsi, na taso da jinina na yi ta shurinsa a haƙarƙari. Na ɗauki icen da muke tokare ƙofa da shi, na doke shi da hannuna mai lafiya har sai da Mama ta kwanta a kansa. A lokacin ya riga ya daina ihu. Kallona kawai yake yi.

Da yamma, bayan mai ɗori ya ɗaure mini hannu, na ciro sarƙar da nake kulle babur da ita. Na sa a idon ƙafarsa ta dama, na zagaya ginshiƙin siton citta, na danna kwaɗo. Makullin na haɗa shi da na babur ɗina. Rahila, da bakinta a kumbure, ta roƙe ni a sanar da bariki su zo su ɗauke shi. Na hana. Na ce za su kore shi, gari kuma ya ce gidanmu akwai hauka. Na aika wa abokinsa a bariki cewa taifot ne ya kama shi.

Mako biyu ya yi a siton. Kwanakin farko yana fizgar sarƙar har ta yanke fata ta shiga nama. Rahila ce kawai ke shiga da abinci. Da ta ce mini ƙafar tana ruwa, na daka citta ɗanya da gishiri na shiga na cusa a ciwon da kaina, kamar yadda muke yi wa yankan wuƙa. Ya ciji leɓensa har ya fashe. Wani ya ba mu labarin wani mai addu'a a kan hanyar Zangon Kataf, na ɗauko shi. Ya ce ruhun mutuwa ne, ya sa a hana shi abinci da ruwa kwana uku, ya zane shi da bulala yana cewa ba shi ake duka ba, ruhun ake duka. Ina tsaye a ƙofa ina cewa amin. Bayan mutumin ya tafi Bitrus ya yi laushi, ya daina fizga. Na gaya wa Mama an samu sauƙi.

A mako na biyar na kai busasshiyar citta Kafanchan. A siton alhajin da nake sayar wa akwai wani tsohon mai gadi, Baba Tanko, Bahaushe ne haifaffen garin, kullum da carbi a hannu. Shekaru muna gaisawa ban san ya taɓa yin aikin soja ba. Ya ga hannuna a rataye ya tambaya. Na zauna na ba shi labarin duka, ina jiran ya tausaya mini.

Bai tausaya ba. Ya tambaye ni wa ya haƙa ramin. Na faɗa. Ya tambayi tsawonsa. Na nuna. Ya ce, “To buhun fa, yaya kuka ɗauko shi?” Na kwatanta masa, har da lilawar.

Ya ajiye carbin. Ya ce shi ma an taɓa tura su wata ƙasa yana saurayi. Ya ce in an kai hari a gari, aka wayi gari, ƙananan soja ne ake ba shebur. Su ke haƙawa, su ke ɗauka bibbiyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, kuma in gawa ta kwana biyu a rana ba a saukar da ita a hankali. Ya ce shekara talatin ke nan, har yau ba ya iya tsayawa a maƙabarta in ana saka mutum, daga nesa yake addu'arsa.

“Malam Ishaku,” ya ce, “ka sa yaron nan ya haƙa kabari, sannan ka jefa masa gawa a ƙafa. Yanzu yana ina?”

Da na ce yana ɗaure, sai ya miƙe. Ya nemi izinin alhaji ya hau bayan babur ɗina. Da hannu ɗaya na tuƙa mu har gida.

A ƙofar siton ya yi sallama, ya jira. Ya ce, “Kofur, tsohon saje ne, in shigo?” Ya shiga ya zauna a ƙasa nesa da shi, inda Bitrus zai iya ganin hannuwansa. Ni na tsaya a baya. Ranar ce na fara jin warin. Ƙamshin citta ya cika ɗakin shi ya sa na yi ta gaya wa kaina ba na jin komai, amma yana nan. Baba Tanko ya ɗaga zanen da aka rufa wa ƙafar. Ta kumbura ta yi baƙi, yatsun sun yi kamar gawayi, sarƙar ta nutse cikin naman, kwaɗon ma rabinsa ba a gani. Akwai tsutsa.

Ya ce in buɗe. Na sa makullin, bakin kwaɗon ya cika da mugunya da tsatsa, ya ƙi juyawa. Sai da aka ɗauko mai walda da zarto. Ana yanka sarƙar tana girgiza cikin ciwon, Baba Tanko ya rungume kan Bitrus a ƙirjinsa yana yi masa magana a kunne. Maza shida ba su riƙe shi ba wannan karon. Tsoho ɗaya ya isa.

Muka isa asibiti a Kafanchan da azahar, a bayan motar ɗaukar citta. Layin yankan kati ya kai bakin ƙofa, aka ce mu bi layi kamar kowa. Bitrus na kwance a kan benci jikinsa zafi kamar tukunya, ƙudaje na binsa, mutane na matsawa. Wata nas mai jiki ta zo wucewa, ta ɗaga zanen, ta saki. Ta ture layin ta sa aka shiga da shi nan take. Sannan ta dawo ta tambayi wane ne ya ɗaure shi. Na ce ni ne. Ta zage ni tas a gaban jama'a, da Hausa da Turanci. Ban san sunanta ba, amma ina yi mata addu'a har yau.

Likitan bai zage ni ba. Ya duba ƙafar ya daɗe, ya tambayi me aka sa a ciwon, na faɗa. Maganarsa guda ce ta zauna mini: “Wannan ciwon ba daga yaƙi ya zo da shi ba. A gida aka yi masa.”

Sun yi ƙoƙarin ceton ƙafar kwana tara. Kullum da safe ana wanke ciwon ana yanke mataccen nama, ana jin ihunsa har wurin masu sayar da abinci. Magani rabinsa babu a ciki, sai a rubuta maka ka fita gari ka nema, ka dawo a ce ba wannan ba ne. Aka ce a nemo jini. Dangin da suka cika mu da shawara, mutum biyu ne suka zo. Baba Tanko ne ya kawo masu lodi uku daga siton alhaji suka bayar. Zumuntar mata ta cocinmu ta riƙa aiko da abinci, fastonmu ya zo sau huɗu, bai taɓa cewa ai na gaya maka ba. Na sayar da busasshiyar cittar duka, ba ta isa ba, na sayar da irin. Bana ban yi shuka ba. Ramin ya zauna a ƙofar gida babu komai a ciki, har daga baya na cike shi.

A kwana na goma baƙin ya hau sama, Bitrus ya daina gane mutane. Likita ya ce in ba a yanke ba za a rasa shi. Rahila ta sa hannu a takardar. Da aka ce a samu shaida, ta miƙo mini biron ba ta kalle ni ba. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Mutanen bariki sun zo da muka faɗa musu gaskiya. Babbansu ya tambaye ni me ya sa ban kira tun ranar farko ba, ya ce suna da likitan irin wannan. Amma ni ma ina da tambayar da ban samu bakin yi ba. Da aka dawo mana da shi, me ya sa ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da za ku gani, ga abin da kada ku yi? In za a tura su, rediyo yakan faɗi yawan mutane da motoci. In sun dawo, sai a ce an kammala aiki lafiya. Sauran yaƙin a gidaje irin namu ake ƙarasa shi, a hannun jahilai irina.

Bayan tiyatar ya yi wata guda a gadon asibiti. Aka haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, ya fara barci, ya fara cin abinci. Yana magana da Rahila, yana magana da Mama, Baba Tanko kuwa in ya zo sai su yi awa guda suna hira ƙasa-ƙasa. Daga bakin Rahila na ji cewa a wani ƙauye su ne suka binne mutanen da aka kashe, har da yara, kuma na ƙarshen da ya ɗauka abokinsa ne da suke cin abinci a kwano ɗaya. Ni kuwa in na shigo ɗakin sai ya juya fuska bango. Na riƙa wanke zannuwansa a bakin famfo, ina zubar da fo, ina kwana a baranda. Na ɗauka wannan zai yi magana a madadina. Na aika fasto ya ba shi haƙuri, na aika Mama ta ce masa aikin Shaiɗan ne. Ya ce wa Mama Shaiɗan bai danna masa kwaɗo ba.

Ana gobe za a sallame shi, Rahila ta same ni a bakin famfo. Ta ce ba za su koma gidanmu ba, gidan iyayenta za ta kai shi, can wajen Zangon Kataf. Na fara cewa gidan ubansa ne, ai na cike ramin tuni. Ta katse ni.

“Yaya Ishaku, ka duba makullin babur ɗinka.”

Na ciro daga aljihu. Makullin kwaɗon yana nan a jiki. Wata biyu ina yawo da shi ban lura ba.

Ta ce, “Tun kafin ka shigo ɗakin yake jin ƙararsa. Irin ƙarar da yake ji ke nan in ka zo ƙofar sito.”

Yanzu suna can gidan su Rahila. Yana koyon tafiya da ƙafar roba, wasu ranaku lafiya, wasu ranaku ba ya fita daga ɗaki. Bai dawo gida ba, kuma bai taɓa ce mini ya yafe ba. Ban tambaye shi ba. Amma duk ƙarshen wata, in za a kai shi ganin likita a Kaduna, ni yake cewa a kira.

Abin da ya faru ranar sallamar shi ne wannan. An turo shi a keken guragu zuwa inda mota take, da Mama da Rahila da Baba Tanko. A wurinmu babba ba ya durƙusa wa ƙarami, ko da shi ne da laifi, sai dai a aika dattijo. Na zare makullin da haƙori, domin hannuna bai gama ƙarfi ba. Na durƙusa a gaban keken, a kan tsakuwa, mutane na wucewa. Mama ta ce in tashi, ban tashi ba. Na ajiye makullin a cinyarsa. Bai juya kai ba wannan karon. Na ce:

“Bitrus, ka ce mini ba ka so ka koma, na tura ka saboda kwanon rufi da bakin mutane. Ka ce kada in sa ka haƙa, na sa ka, na kuma sa mata suka yi maka dariya. Na doke ka kana ɗaure. Na kulle ka kamar babur, na sa maka gishiri a ciwo, na tsaya ina cewa amin ana zane ka. Ba Shaiɗan ba ne, ba aljani ba ne, ni ne. Can ba su iya karɓe maka ƙafa ba, ni yayanka na karɓe. Ba ni da abin da zan mayar maka. Ba sai ka amsa ba. Ka yi haƙuri, ƙanena.”